Fitilar da Orest Bai Kunna Ba

Shugabar wannan taro kuma magajiyar garin Brodna, Uwargida Lesia Harasym. Limamin cocin gari, Fada Myron, wanda na ji da kunnena sunan da ya kira ni da shi a wasa na uku, na kuma yafe masa albarkacin rigar da ke jikinsa. Dattawan kwamitin filin ƙanƙara. Iyayenmu mata na ƙungiyar girki, waɗanda tun da sassafe suke naɗe ferogi, ƙullin fulawar nan mai dankali a ciki, suna soya albasa saboda cikinmu. Kyaftin Darcy Lavallee da sauran Dilolin Brodna, zakarun hoki, wasan ƙwallon sanda na kan ƙanƙara, na lardinmu a bana. Matan 'yan wasa, waɗanda ba a rubuta sunansu a jikin kofi amma su suka wanke jinin da ke jikin riguna. Da duk wanda ya taɓa jifana da wani abu daga kan benci, wato dai kusan kowa da ke cikin zauren nan: barkanmu da yamma, barkanmu da arziki.

Ina godiya ga kwamiti da ya gayyace ni in yi magana. Na san ba ni ne zaɓin farko ba, na kuma san ba ni ne na biyu ba. Ɗan majalisa ya ce yana da uzuri, mutumin gidan rediyo ya ce muryarsa ta dishe, sai wani ya ce, to ai rafali zai yi ritaya, a ba shi lasifika ko sau ɗaya ne a ji ko yana da baki. Ina da baki. Shekara talatin da ɗoriya usur ne a cikinsa, shi ya sa ba ku ji ba.

Ga waɗanda ba su san sunana na yanka ba, kuma kuna da yawa, Ambrose Pardy ne. Makaho laƙabi ne da kuka ba ni kyauta. Ya bi ni har asibiti: bara wata sabuwar nas ta leƙo ɗakin jira ta ce, "Mista Makaho, likita zai gan ka." Na tashi na shiga, don ban ga amfanin musu ba.

Ni ba ɗan nan ba ne, kuma ba ku taɓa bari na manta ba. An haife ni a wani ƙauyen masunta a tsibirin Newfoundland, inda teku take riga mahaifiyarka gaishe ka da safe. Shekarar da aka hana mu kamun kifi na haɗa jakata na nufo yamma, na samu aiki a ramin haƙar gishirin taki, na ce wa kowa shekara biyu zan yi. Na zo na tarar ruwa ɗaya ne tak a garin nan da ya kai a kira shi ruwa, shi ma a daskare, an yi masa rufi, an zana masa layuka ja da shuɗi. Sai na ce, to, tunda shi ne tekun da suke da shi, bari in shiga. An ce baƙo raɓa ne, hantsi na yi ya tafi. Ni raɓar tawa ƙanƙara ce ta kama ta.

Magana huɗu na zo da ita. Amma tunda ban saba yi wa mutum kwanton ɓauna ba, bari in faɗi tun yanzu inda zan sauka. A teburin nan na kusa da ƙofa akwai kujerar da ba kowa a kanta. Ta Orest Demkiw ce, mutumin da ya riga ni shiga filin can, yana zama bayan raga, bayan gilashi, yana kunna jar fitila duk lokacin da ƙwallo ta shiga. Ya kawo matarsa ɗazu, ya taya ta ɗauko tukwane har bakin ƙofa, ya koma motarsa ya zauna. Yana can yanzu haka a filin ajiye motoci, shi da rediyo. Kun san dalili, ni ma na sani. Zan zo kansa.

Magana ta farko, abin da zagayen cin kofi yake yi wa gari. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, abin da ake yi a filin can gaisuwa ce kawai. A ci yau, a sha kashi jibi, a tafi gida, ba wanda ya hana wani barci. Amma ranar da aka ce an shiga zagayen kofi, wasa bakwai, wanda ya fara cin huɗu ya wuce, wanda ya faɗi ya koma gona, ranar garin nan yakan canja fata. Maza su ajiye reza, ba mai taɓa gemunsa sai an fitar da su ko sun ɗauki kofi. Ku dube su da kyau. Akwai wanda nasa ya cika ya tumbatsa kamar ciyawar gefen hanya, akwai wanda jikarsa ta gan shi ta fashe da kuka, akwai kuma malamin makarantarmu, wanda Allah ya gani ya yi iya ƙoƙarinsa. Ga wanzami can a gefe da kujerarsa yana wasa almakashi, kuma na lura matan sun fi shi ƙosawa.

Fada Myron ya matsar da addu'ar Lahadi zuwa sassafe, ya ce wai saboda hanya ba kyau. Da tsoho Panas ya rasu ana tsakiyar zagaye na biyu, aka je wurin matarsa a tsayar da ranar jana'iza, sai ta ce, "Ku bari sai Litinin. Asabar akwai wasa, kuma da shi ne yake raye ku kuka mutu, ba zai zo taku ba." Aka bari sai Litinin, kuma ban ji wanda ya ce ta yi rashin kunya ba.

Ni kuwa akwai ɗan lokaci guda da nake so, kuma saboda shi na daɗe ina haƙuri da ku. Lokacin da na tsaya a tsakiyar fili, baƙar ƙwallon robar nan tana hannuna, mutum biyu sun sunkuya a gabana, sandunansu a ƙasa, numfashinsu yana tashi fari kamar hayaƙi. Jama'a sun cika wurin har ba masaka tsinke, warin soyayyar albasa da na jiƙaƙƙen ulu ya tokare rufi, amma ko tari ba ka ji. Duk garin yana kallon hannuna. Sai in saki. Daga nan kuma al'amarin ya bar hannuna: ƙarfen takalmi yana yankar ƙanƙara, kafaɗa tana haɗuwa da katako, gilashi yana rawa, tsofaffi suna buga gwangwani da cokali, uwa tana kiran ɗanta da sunan da bai ji ba tun yana goye. Wanda bai taɓa tsayawa a wurin ba, a banza za a ba shi labari.

Magana ta biyu, tauri. Mutanen nan da ke zaune a gabanku ba wasa ne sana'arsu ba. Manoma ne, da mai walda, da malamin makaranta, da direban motar share dusar ƙanƙara. Kuma zagayen kofi bai taɓa faɗowa a wani lokaci ba sai daidai haihuwar shanu. Mai tsaron ragarku ya zo wasa na biyu da 'yan garin Halbrook, abokan karawarku na zagayen ƙarshe, hannunsa har kafaɗa yana warin saniya, don sai da ya jawo maraƙin da ya taho ta baya kafin ya hau mota. Na ce masa, "Kai, ba ka yi wanka ba ne?" Ya ce, "Bar shi haka, tsoho, ko 'yan Halbrook sa rage zuwa kusa da raga."

Ga Curtis Beaudry can yana murmushi da baki a rufe, kuma kun san abin da ya sa yake rufewa. A wasa na huɗu wani ɗan Halbrook ya ɗaga sanda zai yi bugun da in ya wuce, raga ce. Duk mai hankali kaucewa yake yi. Curtis kwanciya ya yi a gabanta. Ta same shi a baki. Na busa, na je kansa, sai na tarar yana rarrafe yana tsintar wani abu a kan ƙanƙara. Ya miƙo mini haƙora biyu ya ce, "Riƙe mini, Makaho, ba ni da aljihu. Kada kuma ka ce ba ka gan su ba." Likitan dabbobi ne ya ɗinke masa leɓe a ɗakin canja kaya, yana ɗinki yana cewa, "Ka fi maraƙi natsuwa, amma maraƙi ya fi ka hankali." Kafin a tashi wasan ya dawo kan ƙanƙara, kuma ya sake kwanciya a gaban wata.

Sannan akwai al'adarku ta ɓoye ciwo. A zagayen kofi ba mai ciwo. Ka ga mutum yana ɗingishi, ka tambaye shi, ya ce maka takalmi ne sabo. Domin in abokin karawa ya san inda ke yi maka ciwo, a nan zai riƙa gaishe ka. Kyaftin ɗinku ƙafarsa a karye take tun wasa na uku na zagayen ƙarshe. Matarsa Halya, 'yar Orest, ita kaɗai ta sani, ita ke tsoma masa ƙafar cikin bokitin ƙanƙara har kumburi ya sauka a samu a cusa ta cikin takalmi. Na lura da tafiyarsa na ce, "Darcy, lafiyar ƙafar nan kuwa?" Ya ce, "Ka kula da layinka, tsoho, ka bar mini ƙafata." Yau ga shi nan da sanduna biyu, kuma ba na wasa ba.

Ba zan tsaya nan in ce muku duk wannan hankali ne ba. Na daɗe ina nema, ban ga hankali a ciki ba. Amma kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma kofin nan da ke kan tebur ba tsintarsa kuka yi ba. Adalci kuma ya sa in ce Bijiman Halbrook ba su fi ku son jikinsu ba. Mai tsaron ragarsu, Merle Sundquist, ya haura arba'in, gwiwoyinsa duka biyu sai da bandeji suke tsayuwa, amma in ya durƙusa a bakin raga sai ka ce an yi mata ƙyaure. Kuma duk wanda na tura akurkin masu laifi a cikinku bana, ya cancanta. Na zauna na sake bin su ɗaya bayan ɗaya a raina, ban ga wanda zan janye ba. Akwai ma mutum biyu da ya kamata in ƙara musu.

Magana ta uku, wasa na shida, kuma ita ce ta kawo ni. Kun ci uku, Halbrook sun ci biyu. Wasan a nan ne, ranar Lahadi da rana. In kun ci, a gidanku za a ɗaga kofi, abin da ba a gani ba tun zamanin da kakannin masu gemun nan suke wasa. An kawo kofin a akwati an ajiye a ofishin fili. An kwaso tsofaffi daga gidan kula da su, an jera kekunansu a sahun gaba, an lulluɓe su da barguna. Lokaci ya cika ana biyu da biyu, aka shiga ƙarin lokaci, inda ƙwallo ɗaya ke raba gardama: wanda ya fara ci, an tashi.

Darcy ya kwaso ta ta gefen hagu, a kan karyayyar ƙafa, mutum biyu suna rataye da shi. Suka tura shi har kusurwa, wurin da ba mai bugawa daga can don ba hanya. Ya buga. Ni a lokacin akwai bayan mutum uku tsakanina da raga, ban ga tafiyarta ba. Abin da na gani shi ne ƙwallo kwance a cikin raga, ku ma shi kuka gani. Rufin filin ya kusa tashi. Safar hannu sama, sanduna sama, huluna sama, 'yan benci suka zubo kan ƙanƙara suka danne Darcy, wani kuma ya riga ya ruga yana kaɗa ƙararrawar coci. Na ɗaga kai in ga ja, sai na ga fitila a mace.

Na je jikin gilashi. Orest yana zaune, hannuwansa a kan cinya, nesa da maɓalli, fuskarsa kamar wanda aka aiko wa da rasuwa.

Na ce, "Orest, fitilar ce ta lalace?"

Ya ce, "Lafiyarta ƙalau."

Na ce, "To me muke jira?"

Ya ce, "Ta gefe ta shiga, Ambrose. Ba ta bi ta ƙofa ba."

Na ce, "Ka san wanda ya buga?"

Ya ce, "Mijin 'yata ne. Uban jikokina ne. An gasa masa kaza a gidana tana jiransa."

Na ce, "Ka tabbata?"

Ya ce, "Ina ma a ce ban tabbata ba."

Na durƙusa na bi ragar da yatsa. Kafin a shiga ƙarin lokaci na duba ta kamar yadda doka ta ce, lafiyayya ce. Yanzu kuwa, dab da ƙarfen hagu, zare ya tsinke, bakinsa fari sabo, ramin daidai faɗin ƙwallo. Ni ɗan masunci ne, raga ba baƙuwata ba ce. Kyaftin ɗinku ya yi bugun da ya huda raga daga waje. A duk shekarun nan ban taɓa ganin bugu mai ƙarfin wannan ba, kuma ina so a rubuta cewa na faɗa. Amma ƙarfi daban, ci daban. Wanda ya shiga gida ta taga, ko gidan ubansa ne, ba a ce ya yi sallama ba.

Na miƙe na ware hannuwa biyu. Ba ci. Hukuncin nawa ne, ba na Orest ba. Shi tambayarsa aka yi ya faɗi abin da ya gani. Na ɗaure ramin da igiyar takalmi, aka bi aka tsince safar hannu, aka aika a tsayar da mai ƙararrawa. Abin da kuka jefo mini ranar ya isa a buɗe shago. Har yanzu akwai takalmin mace ƙafa ɗaya a motata, na dama, babba. Mai shi ta zo ta karɓa, ba zan faɗa wa kowa ba. Aka ci gaba da wasa, jikinku ya riga ya yi sanyi, ba a jima ba Halbrook suka ci. Aka mayar da kofi cikin mota, aka mayar da tsofaffi ɗakunansu.

Ni kafin Talata kun yafe mini. Ba don kuna sona ba, sai don ba ku taɓa sa ran alheri daga gare ni ba. Makaho ya yi makanta, ina labarin yake? Orest kuwa naku ne, shi ya sa ba ku yafe ba. Ya je shan gahawa shagon Gwen da safe, teburin da ya yi shekara da shekaru yana zama, ya tarar an ɗauke kujerarsa an kife ta a jikin bango. Mutanen da ya sha jawo motocinsu daga dusar ƙanƙara da taraktarsa, yanzu in sun hango shi a hanya sai sama ta ba su sha'awa. Wani mai hikima ya cika masa akwatin wasiƙun ƙofar gida da jajayen ƙwayayen lantarki. Halya tana tsakanin uba da miji kamar hatsi tsakanin dutsen niƙa da ɗansa. Darcy, a yi masa adalci, bai faɗi mummunar kalma ko ɗaya a kan surukinsa ba. Bai dai faɗa masa kalma ko ɗaya ba, mummuna ko kyakkyawa.

Magana ta huɗu, wasa na bakwai, a garin Halbrook. Wurin mutanen bas biyu kawai aka ba ku, sauran kuka zauna a nan kun kewaye rediyo. Ku da ba ku je ba, kun yi asara, ba zan ɓoye muku ba. Ban taɓa alƙalancin wasa mai gudu irinsa ba. Su kai hari, ku mayar, su mayar, ba mai lokacin ko tofar da yawu. Merle ya tare da hannu, ya tare da ƙafa, ya tare ɗaya da goshi. Ana ɗaya da ɗaya, lokaci ya kusa cika, Darcy ya tura ta tsakiyar cunkoso, ta bugi mazaunan Curtis, wanda a lokacin bayansa ya ba raga yana rigima da wani, ta mirgina a hankali ta tsallaka layi. Ba a taɓa cin kofi da ƙwallo mai muni kamar wannan ba. Amma ta ƙofa ta bi.

Halbrook suka cire mai tsaron raga suka ƙara mai kai hari, suka zubo muku gaba ɗaya. Na ga malamin makaranta ya tare da ƙirji. Na ga mai walda ya tare da idon sawu, ya faɗi, ya tashi, ya sake tarewa da ɗayan. Agogo kamar wani ya riƙe shi. Da ya ƙare na busa, kuma a rayuwata ban taɓa busa usur mai daɗin wannan ba, duk da dai aikina bai yarda in faɗa ba.

Sai kuma abin da ya sa har yau ban tsani wasan nan ba. Mutanen da suka yi mako biyu suna karya wa juna haƙarƙari su jeru layi biyu, su cire safar hannu, su bi juna ɗaya bayan ɗaya suna musabaha. Wanda ya fasa maka baki, ka kama hannunsa ka ce masa sannu da ƙoƙari. Mu alƙalai ba ma shiga layi, gefe muke tsayawa, ba mai neman hannunmu. Amma kunne ba ya tsayawa gefe. Da Darcy ya iso kan Merle, Merle ya riƙe hannunsa bai saki ba, ya ce, "Kai, gurgu, ka gaishe mini da surukinka. Ni na ga ramin kafin rafali ya gani, amma wa zai saurare ni a garinku? Da a nan ne, da fitilar ta kama tun ƙwallo tana kan sandarka." Darcy, ka isar da gaisuwar? Ba ka isar ba. Saƙo ne, yana wuyanka.

Jama'a, ban zo in raina abin da kuka rasa ba. A cikin tsofaffin da aka lulluɓe da barguna ranar, akwai waɗanda ba lallai su ga wani zagayen ba. An kai musu kofin har ɗaki, na sani, amma ba ɗaya ba ne da su ga an ɗaga shi a kan ƙanƙarar da suka gina da hannunsu. Ni ne mutum na ƙarshe da zai ce muku abu ya faru a gida ko ya faru a waje duk ɗaya ne.

Amma ku tambayi kanku, da ya danna maɓallin nan fa? Merle ya ga ramin. 'Yan Halbrook da ke zaune bayan raga sun gani. Da yau kofin nan yana kan tebur da wari a jikinsa. Duk ranar da ɗayanku ya je Halbrook sayen kayan tarakta sai an tambaye shi, ya raga, an ɗinke? Har jikokinku sai an tambaya. Yanzu kuwa ba mai buɗe baki, daga nan har iyakar lardi. Curtis ya ba da haƙora kuka ce jarumi, kuma jarumi ne. Darcy ya ba da ƙafa kuka ce jarumi, kuma jarumi ne. Orest, yana zaune a kan kujera, ba kwalkwali, ba sanda, ya ba da wurin zamansa a cikin mutanensa, yana sane da abin da yake bayarwa. Haƙori ana dasa na roba, ƙashi yana haɗewa. Ku faɗa mini a cikin ukun wa ya fi kwanciya a gaban bugu.

Na san zaman baƙunta, na sha shi har ya ishe ni. Amma ni tsakanina da gida akwai faɗin ƙasa guda da teku, ina da uzuri. Shi tsakaninsa da gida ƙofa ɗaya ce da ɗan taɓo. Ba ku da dalilin mayar da ɗan gari baƙo. Baƙo ɗaya ya ishe ku, kuma ga ni.

Na ajiye usur, ba zan sake tura kowa akurki ba. Amma tsarin taro ya ce sai mai jawabi ya yi godiyar rufewa sannan a buɗe tukwane. To ban shirya rufewa ba. Ina da labaran kamun kifi da ba wanda ya taɓa yarda ya saurara, zan fara daga na kakana. Uwargida Lesia, kada ki dube ni haka, ke kika ba ni lasifikar.

Halya, zauna, 'yata. Ba ke za ki je kiran mahaifinki ba, kin yi zirga-zirgar da ta isa.

Fada Myron, ka ga yadda ake sa jama'a su yi shiru? Ba sai an ambaci wuta da aljanna ba, abinci kawai za ka riƙe.

Yauwa, ga Darcy ya miƙe. Curtis, miƙa masa sandunan. A'a, kada ka riƙe shi, mutumin da ya yi wasanni a kan ƙafar nan zai iya kai kansa ƙofa. Buɗe masa kawai. Ku na bakin taga ku ɗan kauce, ni zan ba ku labari, tunda alƙalancin dai har yanzu nawa ne. Ya isa wurin motar Orest. Yana ƙwanƙwasa gilashin motar da kan sanda. Orest bai sauke ba, gaba yake kallo. Ya sake ƙwanƙwasawa. Ya sauke rabi. Suna magana. Ban san me suke cewa ba, kuma ba ruwanmu. Ya kashe mota.

Ku tashi tsaye mana. Wanda ya kife kujera a shagon Gwen, na san ka, kai ma ka san na san ka. Je ka ja masa wannan.

Sannu da zuwa, Orest. Goge ƙafa, matan nan sun sha wahalar share zauren. Me ka ce? Ku ɗan rage tafin, ba na ji. Jama'a, ya ce in faɗa muku ya gode, kuma har yanzu ta gefe ta shiga. Darcy ya ce ya sani, ai shi ya buga ta.

To, Allah ya albarkaci wannan taro da waɗanda suka haɗa shi. Allah ya haɗa ƙasusuwan da suka karye, ya sassauta wa gwiwoyin Merle, ya ba mutanen Halbrook haƙuri, amma kada ya ba su kofi baɗi. Allah ya ja kwanan tsofaffinmu su ga an ɗaga shi a gida. Allah ya busar da gonaki a samu shuka a kan kari, ya ba da ruwa daidai, ya tsare mu daga ƙanƙarar da ke faɗowa daga sama, ya bar mana wadda muke zamiya a kanta. Allah ya kiyaye masu tafiya a hanyoyin nan, ya kai kowa gidansa lafiya. Wanda kuma zai gaji rigata mai ratsi baƙi da fari, Allah ya ba shi ido mai kyau, da fata mai kauri, da kunne mai nauyi.

A buɗe tukwane. Na gode.